Khalti Munjiya da Abin da Ke Ƙarƙashin Taurari

Jirgin ƙasa na ƙarfe shida da kwata yana tashi daga garin Hammam Lif zuwa birnin Tunis, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan bai tafi ya bar Khalti Munjiya Jalasi ba. Khalti a wurinmu kamar a ce inna ne, haka muke kiran dattijuwa. Tana zama gefen taga idan ta samu, jakarta a cinya. A cikin jakar akwai gorar shayi, da tabarau biyu, da burodin da ta shafa wa yajin harissa da man zaitun. Jirgin yana bi ta bayan gidanmu a Radis. Duk shekarun nan tana wuce mu safe da yamma, ba mu san ta ba, ba ta san mu ba. Idan ta sauka a Tunis sai ta taka zuwa wani bene, ta hau hawa na uku, ta goge teburinta duk da an riga an goge, ta zuba shayi, ta yi bismilla. Daga nan sai ta fara karanta zagi.

Aikinta ke nan. Kamfanin da take wa aiki yana da wasan karta na waya, poka, wanda ake yi da ƙwayoyin wasa ba kuɗin gaske ba. Mutum shida za su zauna a teburi ɗaya ko da wannan yana Safakis wancan yana Faransa, kuma a ƙasan allo akwai wurin hira. Namiji kuwa idan karta ta ƙi shi, kun san abin da bakinsa yake yi. Shi ya sa aka sa rariya. Duk wanda ya rubuta ashar, rariyar za ta tare kalmar, 'yan teburi su ga taurari a madadinta. Amma abin da aka tare ba ya ɓacewa, gangarawa yake yi zuwa allon Khalti Munjiya. Mace mai shekara sittin da jikoki uku, wadda ko mage ba a taɓa jin ta ce wa tir ba, kafin azahar ta karanta abin da zai sa direban babbar mota ya sunkuyar da kai.

Jerin kalmomin da rariyar ke tarewa ma ita ta fara rubuta shi, da biro, a wani littafi mai baƙin bango. Kuma tana da ƙa'ida guda da kowa a ofishin ya sani. Ba ta rufe kujerar mutum, wato ta kore shi daga wasan, sai ta karanta layi ashirin kafin zagin da layi ashirin bayansa, sannan ta duba abu ɗaya: wanda aka zaga, ya tashi ne ko ya zauna?

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban iya tsayuwa gaban mutane in yi magana ba, shi ya sa na rubuta.

Mahaifina, Si Shadli (Si kamar a ce malam ne), ya yi shekara talatin da biyu yana ɗaure kaya a tashar jiragen ruwa. Yana da abokai biyu tun suna samari, Am Bulbaba da Am Firjani (Am kamar a ce baffa ne). Kullum bayan la'asar suna gidan shayi na bakin kasuwa suna buga karta suna zagin juna. Idan Am Bulbaba ya shigo bai ce wa Baba tsohon jaki ba, Baba zai dawo gida yana tambaya ko wani abu ya sami mutumin. Da suka bar aiki, Am Bulbaba ya koma garinsu Gabis, Am Firjani kuma ɗansa ya ɗauke shi zuwa Marsel a Faransa. Sai teburin ya koma cikin waya.

Shekara biyu da suka wuce, hawan jini ya kayar da Baba a bakin ƙofa. Ya farfaɗo da ɓarin dama a shanye, magana kuma ta tafi. Abu biyu ne kawai suka rage suna fita sumul daga bakinsa: alhamdulillahi, da zagi. Likita ta ce haka yake faruwa da wasu, kada mu hana shi, duk abin da zai sa ya riƙa motsa harshe mu bar shi, don idan ya daina ƙoƙari sauran ma za su tafi. Sunana, Rauda, bai iya faɗa ba. Idan yana son ruwa zagi ne, idan ya gode zagi ne. Da murya nake bambanta su.

Karta kuwa bai manta ba. Da babban yatsan hagu yake danna wasan, ni nake rubuta masa hira. Ya faɗa, in rubuta da yatsa ɗaya, kunya kamar in nutse. Abokansa su ga taurari, su ƙirga su, su gane wanne ya aiko, su mayar masa da nasu. Am Firjani yakan yi ƙorafi wai kamar da sararin sama yake wasa. Mun gwada kiran waya, Baba ya ture ta. Bai yarda su ga bakinsa a karkace ba, bai yarda su ji yadda harshensa ke sarƙewa ba. A ɗan wurin hirar nan kaɗai yake Shadli na da.

A watan Maris kamfanin ya ƙara wa rariyar na'ura mai ƙirga. Ba mu sani ba. Wata Talata na buɗe masa wasan, sai ga saƙo: an rufe kujerarsa har abada saboda maimaita munanan kalmomi. Na buɗe wata da lambata, na'urar ta gane wayar ta rufe ita ma.

Ba na son tuna kwanakin da suka biyo baya. La'asar tana yi sai ya jawo ƙafarsa daga kujera zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa ya dawo ya ɗauki wayar ya danna ya ajiye. Ya sake ɗauka. Na yi masa lablabi, romon wake da burodi, da zafinsa kamar yadda yake so, ya ture kwanon. Ya hana a yi masa aski. A rana ta shida ya daina zagi. Maƙwabciyarmu ta ce ai Allah ne ya shirye shi, ni kuwa na tuna maganar likita. Na rubuta wa kamfanin sau uku, sau uku na'ura tana gode mini da tuntuɓa. Ni ma na kasa zama. In wanke kwanon da na riga na wanke, in share tsakar ɗaki, in leƙa shi, in dawo.

A rana ta tara na kwafi adireshin da ke ƙasan wasan na hau jirgi. Mai gadi ya ce 'yan wasa ba sa hawa sama. Na tsaya a bakin ƙofa. Na tafi har kwanar titi da niyyar komawa gida, na dawo. Na sake tafiya, na sake dawowa. Wajen sha biyu wata dattijuwa ta sauko da guntun burodi a hannu za ta ba magen layin.

Ta ce, "'Yata, tun ɗazu nake hango ki ta taga kina kai da kawowa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu wanda ya mutu, Khalti. Babana aka kora."

"Daga aiki?"

"Daga karta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wa mai gadi 'yar ƙanwarta ce ni, ta kama hannuna muka hau.

Ke ce, Khalti, kika fara sauraron maganar nan har ƙarshe ba ki duba agogo ba. Ke ce kika sa tabarau na biyu kika buɗe hirar Baba ta shekara uku, kina karantawa ina zaune gefenki ina neman inda zan sa idona.

Ta daɗe tana gangarawa. Can ta ce wannan Bulbaban ya fi babana iya zagi nesa ba kusa ba. Ta tambaye ni, mutumin da hannunsa ya shanye, wa yake rubuta masa? Na ce ni ce. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tura mini kofinta ta ce in sha shayi.

Har na fara sakin jiki, sai ta tsaya a wani wuri. Kwana uku kafin a rufe kujerar, wata mata daga garin Susa ta zauna a gurbin da babu kowa. Ta cinye Baba sau biyu a jere. Baba ya faɗi magana a kan mahaifiyarta, ya maimaita, ni kuma na rubuta, layi tara. Matar ta tashi daga teburin. Tun ranar ba ta sake wasa ba. Ta bar ƙorafi gajere, wai ta dawo daga aiki a gajiye ta zo ta ɗan huta, ta tarar da wannan.

Khalti ta ce, "Taurari kawai ta gani. Ba ta san ya taɓa mahaifiyarta ba. Rariyar da kike jin haushi ita ta rufa wa babanki asiri, ita ta kare matar nan. Abokansa sun zauna, wannan ta tashi. Ba zan yi kamar ban gani ba."

Ta ce abu biyu ne. Ɗaya nata, za ta shiga wurin shugabansu. Ɗaya na Baba, zai zo daga baya.

Abin da ya faru a ofishin shugaban, Sirin ce ta ba ni labari, wadda teburinta ke kusa da na Khalti, don an kira ta ta kawo takardu ta tsaya. Shugaban, Si Wajdi, sa'an ɗan Khalti ne, kuma ba mugu ba ne. Ya ce tun da aka sa na'urar ƙorafi ya ragu da rabi. Matan da suka gudu daga wasan sun fara dawowa. Layi dubu talatin ake rubutawa a yini, wane ido ne zai karanta su? Na'ura ba ta gajiya, ba ta da ɗan gida, ba ta jin tausayin wanda ya iya kuka. Kuma duk wanda aka kora yana da labari, gobe kowa zai zo ya ce babansa ba shi da lafiya.

Sirin ta ce Khalti ta gyaɗa kai ga kowace magana. Ta ce duk gaskiya ne, ita ta rubuta jerin da hannunta, ba za ta ce a zubar ba. Sai ta ajiye takarda biyu a gabansa. Ta farko teburin Baba ne: zagi ba adadi, shekara uku, mutum ɗaya ne ya taɓa tashi. Ta biyu wani mutum ne da bai taɓa rubuta kalma ɗaya daga cikin jerin ba. Da ladabi yake magana. Wata guda yana bin wata yarinya daga teburi zuwa teburi yana tambayarta unguwarsu da lokacin da take fita, har ta goge wasan daga wayarta. Na'urar ba ta taɓa shi ba.

Ta ce, "Ka ga wanda ta kora, ka ga wanda ta bari. Kalma take ƙirgawa, Si Wajdi. Ba ta ganin wanda ya tashi."

Abin da ta nema shi ne teburin abokai mai kulle. Baƙo ba ya shiga. Sai kowa da ke zaune ya yarda kafin a ɗage rariyar, kuma mutum ɗaya ya isa ya mayar da ita. Si Wajdi ya ce masu gyaran wasan ba su da lokaci sai bayan bazara. Ta ce ai akwai tebura masu kulle da ake gasa da su, ta riga ta tambayi masu gyaran, aikin yini biyu ne. Ya ce to wa zai sa ido a kan teburan da babu rariya?

"Ni."

"Khalti, saura wata huɗu ki tafi."

"To ka samu wata huɗu kyauta. Lokacin cin abincina zan ba ka. In ƙorafi ya fito daga can, ka rubuta sunana."

Ya ce a gwada. Sirin ta rantse mini tun daga ranar Khalti a gaban allo take cin burodinta.

Na Baba kuwa, ranar Alhamis ta sauka daga jirgi a Radis, tashar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana wucewa. Ta shigo ta tarar da shi a kujera, gemu ya cika masa fuska. Ya dube ta sama da ƙasa. Kwana biyar bai ce komai ba, amma ganin baƙuwa a ɗakinsa ya sa ya saki wata kalma da ba zan rubuta a nan ba.

Ta ajiye jakarta ta ce, "Si Shadli, wannan tun safe na karanta ta sau arba'in. Ba ka da sabuwa?"

Kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Dariya yake yi.

Ta ja kujera ta zauna dab da shi, ta gaya masa ko ita wace ce, da maganar matar Susa. Ta ce za ta buɗe masa teburinsa da abokansa, babu taurari, amma sai ya nemi gafarar matar. Kuma ba da kalmomin 'yarsa ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi kaɗai zan rubuta. Na ce Khalti ba zai iya ba, ko sunana bai iya ba. Ta ce bakin da ya iya alhamdulillahi zai iya ƙaramar kalma ɗaya, kuma shi ya yi laifin ba ni ba.

Zan faɗi gaskiya, na ji haushinta. Haka na raka ta tasha. Ina gani mace ce mai dannawa ɗaya ta gama mana wahala, ta zo tana gindaya wa maras lafiya sharaɗi.

Kwana biyar muka yi. Ya buɗe baki, zagi ya fito, ya bugi hannun kujera. Ya sake buɗewa, alhamdulillahi ta fito, ya ƙara jin haushi. Ya tashi ya je taga ya dawo. Ina kicin ina jin shi yana gwadawa shi kaɗai, yana tsayawa idan ya ji motsina. Sau biyu na ɗauki wayar zan rubuta da kaina in ce shi ya faɗa. Sau biyu na ajiye, don na san wadda ta karanta hirarsa ta shekara uku za ta gane. A rana ta biyar bayan la'asar ya kama hannuna, gumi a goshinsa, ya ce, "Ya... yafe."

Kalmar nan kaɗai na rubuta. Khalti ta nemi izinina ta ƙara layi biyu game da ciwonsa, ta aika wa matar. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Ta ce ta yafe, Allah ya ba shi lafiya, amma ba za ta sake zama da su ba. Ban ga laifinta ba. An ce ta dawo wasa a wasu teburan, inda rariya take.

Ranar da aka buɗe teburin, ban gama gyara masa filo ba saƙon Am Bulbaba ya shigo, baƙi a kan fari, babu tauraro ko ɗaya: "Tsohon jaki, mun ɗauka ka mutu, har Firjani ya fara sa ido a kan ƙwayoyinka." Am Firjani ya ce ƙarya yake yi, wa zai gaji mutumin da ko karta bai iya riƙewa ba. Baba ya sa na karanta masa sau biyu. Sai ya ba da amsa, doguwa, na rubuta. A ranar ya cinye lablabinsa ya nemi ƙari.

Yanzu kalmominsa sun kai goma sha ɗaya. Sunana yana ciki, duk da rabinsa yake faɗa.

Ba mu kaɗai ba ne. Sirin ta ce teburan masu kulle sun wuce ɗari biyu, akwai na tsofaffin direbobi, akwai na wasu mata huɗu 'yan uwan juna waɗanda ta ce bakinsu ya fi na maza. Biyu daga ciki Khalti ta rufe su da kanta, saboda ta ga an sa wani a gaba kullum har ya daina amsawa. Mutumin nan mai ladabi kuma ta kore shi, ta rubuta dalili shafi guda.

Mai karatun da babu mai so, ke ce kika wanke idonki da abin da mutane ke zubarwa, kika koma gida kika yi wa jikokinki magana mai daɗi. Ke ce kika ƙi tausaya wa Baba irin tausayin da ke kwantar da mutum. Duk wanda ya zo duba shi yakan yi masa magana kamar yaro. Ke kika ɗauke shi babban mutum da zai iya yin laifi, ya kuma iya gyarawa. Na ji haushinki a hanyar tasha. Ki yafe ni.

Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Si Wajdi bai ce za a ci gaba da teburan bayan tafiyarta ba, bai kuma ce za a rufe ba. Khalti ta ba Sirin littafin nan mai baƙin bango, Sirin ta ce za ta riƙa karanta layi ashirin ɗin, amma ita ɗaya ce kuma layukan ba sa raguwa. Kullum la'asar idan zan buɗe wasan sai gabana ya faɗi. Saboda haka ina roƙon duk wanda aka ba ikon korar mutum daga wani wuri, ko a waya ne ko a ofis ko a bakin ƙofa, ya yi irin nata. Ya bar rariya a inda take kare mutane. Amma kafin ya rufe wa wani, ya ɗan hau sama ya ɗan gangara ƙasa, ya duba wa ya tashi wa ya zauna.

Na gode, Khalti Munjiya. Allah ya hutar da idonki, ya sa ki yi barci har jirgin shida da kwata ya wuce ba ki ji ba.

Jiya na gaya wa Baba za ta bar aiki. Ya nuna mini wayar. Na buɗe shafin da ma'aikatan suka yi don masu son yi mata ban kwana, inda rariya take aiki kamar kullum. Ya faɗi kalma ɗaya, da irin muryar da yake yi idan na ba shi ruwa. Na rubuta. Ta fito taurari shida a tsakiyar addu'o'in mutane.

Sirin ta ce da safe Khalti ta buɗe ta ga abin da ke ƙarƙashin taurarin, ta cire tabarau ta goge, ta sa aka buga mata shafin a takarda, ta ninke shi ta saka a jaka kusa da gorar shayi.